Sat-Isabgol mai hoton tarho: yana aiki, amma da sharaɗin ruwa

Jama'a masu fama da taurin bayan gida da basir, wannan naku ne. Zan yi magana ne a kan Sat-Isabgol, wanda kwalinsa ke ɗauke da hoton tsohuwar wayar tarho, na wani kamfani da ke garin Sidhpur a jihar Gujarat ta Indiya, tun 1937 suke wannan harkar. Ni dai a shagon kayan Indiyawa nake saye, wasu kuma masu zuwa asibiti ko karatu can ne suke taho musu da shi. A kemis zaka iya samun Fybogel na Ingila ko Metamucil na Amurka, duk tushensu ɗaya ne, ɓawon ƙwayar isabgol ɗin nan da Turawa ke ce wa psyllium, sai dai su galibi an ƙara musu ɗanɗanon lemo da kayan zaƙi, kuɗinsu kuma ya fi.

In ka buɗe kwalin ba gari zaka gani ba, ɓawo ne fari-fari mara nauyi, ko numfashi ka yi da ƙarfi sai ya tashi. Ba wari, ba ɗaci, ba siga a ciki, wannan ma shi ya sa na fi son shi, don mai ciwon siga ba shi da fargabar abin da aka cakuɗa. Ina zuba cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a kofi cike da ruwa, in juya in shanye nan take, in kuma bi da wani kofin. Ka bar shi ya ɗan jima zai kumbura ya yi yauƙi irin na kuɓewa, daga nan haɗiyarsa sai an daure.

Wannan yauƙin shi ne maganin gaba ɗaya. Jiki baya narkar da shi, yana riƙe ruwa ne a hanji har bayan gida ya yi laushi ya fito ba nishi ba yunƙuri, kuma mai basir ya san yunƙurin nan shi ke ta da ciwon har a ga jini. Ba irin filasko ba ne ko haɗe-haɗen wankin ciki da ake talla a mota da lasifika, waɗanda za su murɗa maka ciki ka wuni kana zarya banɗaki ka fito jiki duk ya saki. Shi a hankali yake yi, daga wuni ɗaya zuwa kwana 3 kafin ka ga canji, don haka mai gaggawa zai ce baya aiki, alhali yana yi. Farkon farawa akwai ɗan kumburin ciki da iska, ni ma na ji, amma da ciki ya saba ya wuce. Su Indiyawa har gudawa suke tsayarwa da shi, su dama a cikin kindirmo su sha, tunda ruwan da ya yi yawa yake tsotsewa.

Abin da ya ƙara sa nake ganin darajarsa shi ne wahalar nomansa. Indiya ce ke noma mafi yawan wanda duniya ke sha, a jihohin Rajasthan da Gujarat da Madhya Pradesh, yankuna masu rairayi da ƙarancin ruwa irin su Barmer da Jalore da Nagaur. Amfanin sanyi ne, ana shuka wajen Nuwamba zuwa Disamba a girbe a Maris zuwa Afrilu, wata 4 kenan da ɗan ban ruwa kaɗan, tsiron ma gajere ne baya kai gwiwa. Toh inda matsalar take, wannan halin nasa na shan ruwa da muke nema a cikinmu shi ne bala'in manomi, don in ƙwayar ta nuna aka samu ruwan sama ko da yayyafi ne ko raɓa mai yawa, sai ta kumbura ta zube ƙasa, noman shekara ya tafi a dare ɗaya. Wallahi ina tausayin mutanen nan. In sun tsira suka girbe suka sussuke, sai a kai kasuwar Unjha a Gujarat, wadda ta yi suna a cinikin isabgol da kayan ƙamshi, 'yan kasuwa su yi gwanjo, masana'antun Unjha da Sidhpur su saya su sa a inji ya goge ɓawon daga jikin ƙwayar. Ɓawon bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta ba ko ya ɗan haura, sauran abincin dabbobi ake yi da shi. Kaga kenan buhu huɗu ake sarrafawa a samu kamar ɗaya, ga Amurka da ta fi kowa saye tana kwasa, mu kuma ga tsadar dala. Shi ya sa in kuɗinsa ya tashi ban cika ganin laifin mai shago ba. Ni da so samu ne cibiyar binciken noma ta Samaru ta gwada shi a lokacin da ake alkama a Kadawa, tunda watannin ɗaya ne kuma hunturunmu ba ruwan sama.

A Indiya ana kasa ɓawon ne gwargwadon tsabta, akwai na kashi 85, da 95, da 98, da 99 cikin ɗari, iya tsabtarsa iya farinsa iya tsadarsa. Nan nake so a kula. Akwai masu ƙulla shi a leda ba suna ba kwanan wata suna sayarwa a intanet, wanda na gani a hannun wani ja-ja ne da ɓurɓushin ƙwaya da ƙura a ƙasa, a ruwa ma baya kumbura yadda ya kamata, kuma kuɗin kusan ɗaya da na kwali. Na tarhon nan fari ne tas, ban taɓa cin karo da tsakuwa ko datti a ciki ba.

Sannan masu talla su ji tsoron Allah. Eh gaskiya ne a 1998 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta cewa yana iya rage haɗarin ciwon zuciya saboda yana rage kitsen jini, amma da sharaɗin sha kullum, wajen giram 10 na ɓawon, tare da rage cin maiƙo. Yana kuma ɗan rage hawan siga bayan cin abinci. Amma a ce wai yana warkar da ciwon siga ko hawan jini har mutum ya ajiye maganin likita, wannan ƙarya ce mai iya kashe mutum.

Kar a taɓa afa shi busasshe, zai iya toshe maƙogwaro, kar kuma a sha a kwanta nan take. Mai wahalar haɗiya da wanda aka ce hanjinsa ya toshe su bar shi gaba ɗaya, ƙananan yara sai da izinin likita. In kana shan wani magani ka ba da tazarar awa 2 tsakaninsu don yana iya hana maganin shiga jiki sosai. Wanda kuma yake ganin jini a bayan gida ko ramewa ba dalili, asibiti zai fara zuwa a duba shi tukunna. Da azumi tsakanin buɗa baki da sahur ya fi, lokacin da zaka iya bin sa da ruwa sosai, kuma a rufe kwalin da kyau a ajiye inda ba danshi musamman da damina.