Wata takwas da Ruger Mark IV, bayan 'yar bindigar da ta kunyata ni

Kan bindigar hannu ta Ruger ɗin na zauna yin wannan sharhi, amma sai na fara sauke abin da ke raina game da wadda na saya kafin ita, domin ba don waccan ba da ban san darajar wannan ba.

Ni ba mafarauci ba ne, ba kuma jami'in tsaro ba. Harbin takarda kawai nake sha'awa, in je filin harbi ranar hutu in ga ko hannuna zai bi idona. Da na gama zirga-zirgar lasisi da binciken da doka ta gindaya, sai na shiga shago na faɗa wa mai sayarwa ɓaro-ɓaro cewa ni sabon shiga ne, kuma fili kaɗai zan riƙa kai ta. Bawan Allahn nan ya ɗauko min wata 'yar mitsitsiyar bindiga mai cin harsashin milimita 9, irin wadda aka ƙera don a soke a ƙugu, ya ce ai ƙarama ta fi sauƙi ga mai koyo. Na ɗaga ta, da ƙyar ta haura rabin kilo. Ƙaramin yatsana ma bai samu wurin zama a mariƙin ba, yana ta reto a ƙasa. Na gani da idona, amma kyanta ya rufe min baki. Ba zan kama sunanta ba, don ita ba ta yi min ƙarya ba, aikin da aka yi ta dominsa daban ne. Wanda ya miƙo min ita ne ya cuce ni.

Wata biyu na yi ina shan azaba. Duk harbi ɗaya sai in ji kamar an maka min katako a tafin hannu, kafin in ƙarar da harsashi hamsin fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta yi jawur. Ramukan kuma, daga mita 7 kacal, duk sun tattare a ƙasa ta hagu kamar an kira su taro. Na rantse cewa saitin bindigar ne a karkace. Har na fara shirya maganganun da zan zazzaga wa mai shago.

Akwai wani dattijo da ke kula da layin harbi, mutum ne mara yawan magana, kullum hannunsa a baya yana kai da komowa. Rannan ya tsaya a bayana ya daɗe, sannan ya taɓa min kafaɗa.

"Ajiye ta, bakinta na kallon gaba. Ba ni gidan harsasan."

"Baba, saitinta ne ya goce," na ce masa, tun bai tambaye ni ba.

Bai ce min uffan ba. Ya juya baya ya loda guda biyar, ya miƙo min ya ce in harba a tsanake. Na farko ya tashi, ƙasa ta hagu. Na biyu ma haka. Da na ja kunama a karo na uku sai na ji ƙyas kawai, ba ƙara ba hayaƙi, amma bakin bindigar ya dulmiya ƙasa kamar zan harbi tebur, kafaɗuna suka ɗage, idona biyu suka rufe ruf. Ashe harsashin bogi ya cusa a tsakiya, irin na koyo wanda babu alburushi a cikinsa. Mutum biyu da ke layin kusa da ni sun gani. Ɗaya ya kawar da kai don kada in ga yana murmushi, kuma wallahi wannan karar da ya yi min ta fi dariya ciwo.

"Ka gani, ɗana? Ita ba ta yi komai ba. Kai ne ka riga ta zabura."

Don ya ƙarasa ni, sai ya karɓi bindigar tawa ya zuba biyar a tsakiyar takardar, ramukan da tafin hannu ɗaya zai rufe su. Laifi tudu ne, wata biyu ina tsaye a kan nawa ina hango na ƙarfe. Bayanin da ya yi min gajere ne. Harsashi ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, to idan bindiga ba ta da nauyin da za ta shanye dukan, hannunka ne zai shanye. Jiki kuwa ba wawa ba ne, da ya gane duka na tafe sai ya riƙa tare shi tun kafin ya iso, shi ya sa mai harbi da hannun dama ke jefa harbinsa ƙasa ta hagu. Ga kuma gajartar bututu: idan tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce, kuskuren da bai kai ƙwayar ido ta lura ba sai ya zama taƙi guda a kan takarda.

Daga nan ya ɗauko Mark IV daga cikin bindigogin haya na filin. Da na gan ta ban so ta ba. Doguwa, ga kaurin bututu, ga nauyi wajen kilo guda, ga shi kuma ɗan ƙaramin harsashin da ake kira .22 take ci, wanda nake yi wa kallon na yara. Na ja kunama ina jiran duka, sai na ji ɗan tas, bakin bindigar ya ɗan motsa ya koma inda yake. A karon farko a rayuwata na ga saitin gaba a daidai lokacin da harsashi ya fita, domin idona a buɗe yake. Goma na harba, takwas suka shiga baƙin da'irar. Na tsaya ina kallon takardar kamar wani ne ya harba min.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar .22 ta yau da kullum ba ta kai giram 3 ba, ta milimita 9 kuwa tana kusan giram 8, ga alburushinta ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sannan a wannan ƙirar saman bindigar ba ya ja da baya gaba ɗaya kamar yadda yake yi a bindigogin hannu irin su Glock, wani ƙarfe ne a ciki yake zirga-zirga, saitin kuwa yana kafe a wurinsa. Tun 1949 kamfanin Ruger ke kan wannan tsari, Mark IV kuma a 2016 ta fito. Harsashin da na raina ɗin ma ya girmi kakana, tun 1887 ake yin sa, kuma da shi ake harbin ƙaramar bindiga na mita 25 a gasar Olamfik. Bayan mako uku na sayi tawa, mai bututu inci biyar da rabi.

Abin da ya ƙara saye ni shi ne wanki. Maɓalli ɗaya ne a baya: ka tabbatar babu harsashi, ka sa makarin kariya, ka danna, sai saman ya ɗago ya fita. Minti goma na gama goge ta.

To amma fa wankin nan ba ya ƙarewa, kuma a nan ne zumuɗina ya fara sanyi. Bindigar ba ni da ƙorafi a kanta, abin da take ci ne matsalar. Harsashin .22 ƙazami ne, ga kakin da ake shafa wa ƙwayar, ga baƙin toka, bayan ɗari uku ko huɗu sai ka ga cikin ya yi dumu-dumu. Kuma makunninsa a gefen gindin kwanso yake zagaye, ba a tsakiya ba, don haka idan sinadarin bai zagaye sosai ba sai allurar da ke tayar da harsashi ta doki wurin da babu komai. Na taɓa kwasar wani babban kwali na masu araha, ranar nan sau shida ina jin ƙyas. Kowane ɗaya kuma dole ka tsaya cak, baki na kallon gaba, ka ƙirga daƙiƙa 30 ko zai tashi a makare, kafin ka zare shi. Araha ba ta ado. Na koma masu ɗan tsada, abin ya ragu ƙwarai, amma ribar da nake taƙama da ita ta sauƙin kuɗin harsashi ita ma ta ragu.

Akwai kuma wani abin da ya fi wannan damuna, shi ne yadda sanyin halinta ke sa mutum sakaci. Waccan 'yar ƙaramar tsoronta nake ji, don haka sau uku nake duba ta. Wannan kuwa wata rana na gama harbi, na zare gidan harsasai, na kama hanyar saka ta a jaka. Hannuna ne kawai ya ja ƙarfen baya bisa sabo, sai ga harsashi mai rai ya yi tsalle ya faɗo kan tebur yana gangarawa. Zufa ta keto min. Bakinta na kallon gaba, yatsana ba ya kan kunama, shi ya sa abin ya tsaya a gumi kaɗai. A bangon filin an manna ƙa'idojin kiyaye haɗarin bindiga guda huɗu da Jeff Cooper, wani malamin harbi Ba'amurke, ya yaɗa, ta farkonsu ita ce ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki. Sau nawa na wuce ta gaban allon nan ina ganin don wasu aka rubuta. Wanda ke kiran .22 abin wasa ya karanta gargaɗin da ke jikin kwalin, ƙwayar tana iya tafiya fiye da kilomita 2. Kunne ma ba ta ƙyale shi ba, ni toshe biyu nake sawa a fili mai rufi, na cusawa da na kifawa.

A gida tana cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango, babu harsashi a cikinta, harsasan kuma suna kulle a wani wurin daban, domin ina da yarinya 'yar shekara shida wadda babu aljihun teburin da ba ta san abin da ke cikinsa ba. Saboda ita ne ma nake wanke hannu da sabulu da ruwan sanyi kafin in bar fili, in kuma ware rigar da na yi harbi da ita, don ƙurar dalma ba ta da kyau ga yara ko kaɗan. Akwatin farko da na saya mai karanta zanen yatsa ne, in dai akwai ɗan mai a hannuna sai ya yi kamar bai taɓa sanina ba. Na mayar da shi na ɗauki mai lambobi.

Wanda zai saya don fili, ya fara karɓar haya ya harba aƙalla hamsin da hannunsa kafin ya zaro kuɗi. Ni da na yi haka da ban tara bindiga biyu ba. Makon jiya na sake fito da 'yar ƙaramar don in gwada kaina: har yanzu ƙasa ta hagu take kai ni, sai dai yanzu ramukan suna taɓa gefen baƙin. Na biya shagon in ji nawa za su karɓe ta, mutumin nan ya juya ta sau biyu ya yi min tayin da bai kai rabin abin da na biya ba, wai ƙananan nan ba kowa ke jure dukansu ba. Shi da bakinsa. Na mayar da ita jaka na fito, ko sallama ban yi masa ba.