Mace ɗaya, zobe biyu: abin da na gani a littafin Outlander

Wata ƙawata da muke aikin jinya tare ce ta miƙo min littafin da asuba, muna shirin miƙa aiki ga 'yan safe. Ta ce, "Ke da ba kya gajiya da labarin soyayya, ga wanda zai hana ki barci. Jarumar ma nas ce irinmu." Ƙaramin bugu ne mai kauri, shafi sama da 800, da Turanci. Mako uku na yi ina binsa, galibi bayan sallar isha'i, kuma tun da na rufe shi nake son in faɗi abin da ke raina a kansa.

Sunansa Outlander, wata Ba'amurkiya mai suna Diana Gabaldon ta rubuta, ya fito a 1991. A Birtaniya an fara buga shi da sunan Cross Stitch. Yana cikin rukunin littattafan soyayyar nan da ake ɗauke mace daga zamaninta a jefa ta can baya cikin tarihin Sikotland, inda za ta haɗu da wani jarumi ɗan tsaunuka. Irinsu suna da yawa yanzu, amma wannan ne ya fi shahara, har aka mai da shi fim mai dogon zango a 2014.

Claire Randall ta yi aikin jinyar sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka gama yaƙin, ita da mijinta Frank, malamin tarihi, suka tafi Inverness, wani gari a arewacin Sikotland, don su sake sabawa da juna bayan shekarun da yaƙi ya raba su. Wata rana ta hau wani tudu inda aka kafa dogayen duwatsu a da'ira tun zamanin da, ta taɓa ɗaya, sai ta tsinci kanta a 1743. Tudun, Craigh na Dun, ƙirƙirar marubuciyar ce, amma irin waɗannan duwatsu suna nan da gaske a yankin, kamar na Clava da ke kusa da Inverness.

Inda littafin ya fara kama ni shi ne daren farko. An kai Claire wata bukka cike da maza masu ɗamarar yaƙi, ga wani saurayi a zaune kafaɗarsa ta goce, suna shirin mai da ita da ƙarfin tuwo, abin da zai iya karya masa ƙashi. Ita da ba ta san inda take ba, ba ta san ko za ta kwana da rai ba, sai ta daka musu tsawa, ta karɓi hannun ta mai da shi yadda ya kamata. Na ajiye littafin na yi shiru. Haka abin yake. Duk wadda ta yi shekaru a ɗakin ba da agajin gaggawa ta san yadda hannu kan riga tunani isa wurin mara lafiya. Saurayin nan shi ne Jamie Fraser.

Duk ɓangaren magani na littafin ya gamsar da ni fiye da yadda na zata. A gidan sarautar dangin MacKenzie an ba ta ɗakin wani mai magani da ya rasu, ɗan zuri'ar Beaton, waɗanda a tarihi ma sun gaji aikin magani a tsaunukan Sikotland. Ta bi kwalabensa ɗaya bayan ɗaya tana zubar da shirme, tana ajiye abin da ke da amfani. Tana tafasa tsumman ɗaure ciwo, tana neman tafarnuwa, tana wanke rauni da barasa, mutane suna kallonta kamar mai taɓin hankali, domin a lokacin ba wanda ya san ƙwayoyin cuta. Ta san akwai maganin da zai ceci mai ruɓaɓɓen rauni, amma sai a 1928 Alexander Fleming, shi ma ɗan Sikotland, zai gano fenisilin. Wannan zafin na sanin magani alhali babu shi a hannunka, na san shi, kuma duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibitin karkara ya san shi.

Sai maganar auren, wadda ita ce ƙashin bayan labarin, kuma ita ce ta fi tsaya min a rai. Wani kyaftin na sojan Ingila, Jonathan Randall, kakan kakannin mijinta Frank ne kuma kamarsu ɗaya, yana neman a miƙa masa ita don ya tuhume ta da leƙen asiri. Mafitar da Dougal MacKenzie, ƙanin shugaban dangin MacKenzie, ya samo ita ce a aurar da ita ga ɗan ƙasa, ta shiga ƙarƙashin dokar Sikotland. Haka aka ɗaura mata aure da Jamie, ba da son ranta ba.

Ni dai abin da zuciyata ta fara faɗa shi ne: aure kan aure. Mijinta bai sake ta ba, bai mutu ba. Amma kuma ba a haife shi ba tukuna, sai bayan shekara 160 da ɗoriya. To matar wa ce ita? Na yi kwanaki ina juya wannan tambaya. Abin da ya sa nake girmama littafin shi ne bai share ta ba. Ba a mai da Frank mugun miji don a sauƙaƙa wa Claire hanya ba. Mutumin kirki ne, tana sonsa, kuma tana ta neman hanyar komawa wurin duwatsun. Zoben zinarensa yana hannunta na hagu, na azurfar Jamie yana na dama, ba ta cire ko ɗaya ba. A yawancin labaran soyayyar da na karanta, namu da na waje, akan ɓata ɗaya daga cikin masoyan don mai karatu ya huta. A nan ba a hutar da kowa ba. Lokacin da Jamie, bayan ta gaya masa gaskiyar inda ta fito, ya kai ta gindin duwatsun da kansa ya ce ta koma gida, ya juya ya sauka daga tudun, sai da na share hawaye. Ba zan ce zaɓin da ta yi daidai ne ba. Na dai yarda cewa da ciwo ta yi shi.

Akwai wani nauyin kuma a kanta. Matar malamin tarihi ce, ta san abin da ke tafe. Tana bin ayarin Dougal ƙauye ƙauye ana karɓar kuɗin ƙasa, wani ya biya da hatsi, wani da kaji, tana kallo yana yage rigar Jamie a gaban jama'a don su ga tabon bulalar Ingilishi su ba da gudummawa ga gidan sarautar Stuart, masu neman ƙwato karagar mulkin Birtaniya da aka raba su da ita. Ta san yariman gidan, Charles Edward Stuart, zai sauka Sikotland a 1745, rundunarsa za ta kai har Derby a cikin Ingila ta juyo, sannan ranar 16 ga Afrilu, 1746 za a murƙushe su a filin Culloden cikin ƙasa da awa ɗaya. Ta san bayan nan za a karya ikon shugabannin dangi, a hana maza ɗaura zanen nan nasu mai gidan dara, dokar da ba a janye ba sai a 1782. Mutanen da take cin abinci da su, take ɗaure wa rauni, da yawansu saura musu shekara uku. Littafin farko bai kai ga yaƙin ba, amma inuwarsa tana kan kowane shafi, kuma ita ta ɗaga shi sama da labarin saurayi da budurwa kawai.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba.

Akwai wurin da Claire ta saɓa umarnin Jamie ta jefa mutanensa cikin haɗari, shi kuma ya zane ta da bel. Na fahimci hujjar cewa haka zamanin yake. Abin da ban karɓa ba shi ne yadda aka ba da labarin da sauƙin murya, har da raha bayan 'yan shafuka. Gaskiya ne daga baya ta sa shi ya rantse ba zai ƙara ɗaga mata hannu ba, amma na ga matan da aka kawo mana da kumburarren ido suna cewa faɗuwa suka yi, don haka wannan babi bai sauka a cikina ba.

Na biyu, littafin yana bayyana abin da ke tsakanin miji da mata filla-filla, ba kara ba sakaye, kuma sau da yawa. Na tsallake shafuka masu yawa ban rasa komai na labarin ba. Ga barazanar fyaɗe da ake ta maimaitawa, sannan a ƙarshe abin da kyaftin Randall ya yi wa Jamie a kurkukun Wentworth, wanda aka zayyana har ya wuce kima. Abu ɗaya da zan yaba a nan shi ne ba a nuna Jamie ya warke dare ɗaya ba. An nuna namiji jarumi ya karye, yana ƙyamar kansa, yana neman mutuwa, kuma an ɗauki lokaci kafin ya dawo hayyacinsa.

Shari'ar maitar da aka yi wa Claire da ƙawarta Geillis Duncan ta sa na koma na duba tarihi. Mace ta ƙarshe da aka kashe kan zargin maita a Sikotland ita ce Janet Horne, a Dornoch, a 1727, kuma an soke dokar hukunta maita tun kafin 1743. Wato marubuciyar ta ja tarihi kaɗan don labari ya yi armashi. Na yafe mata saboda abu ɗaya: a tsakiyar hargitsin Claire ta hango tabon lamba a dantsen Geillis, irin wanda ke hannun iyayenmu, na rigakafin agana. Sai a 1796 Edward Jenner zai fara wannan rigakafi. Ba a ce komai ba, tabon kaɗai ya gaya mata Geillis ma daga gaba ta zo. Tsigar jikina sai da ta tashi.

Turancin kansa ba mai wuya ba ne, sai dai maganar 'yan Sikotland da aka rubuta yadda suke furtawa. Shafi 50 na farko na yi ta tuntuɓe, daga baya kunnena ya saba. Tsakiyar littafin, musamman zamansu a Lallybroch, gidan su Jamie, yana tafiyar hawainiya, ko da yake ni na ji daɗin rigimarsa da yayarsa Jenny.

Ƙanwata mai shekara 16 ta gan shi a kan gado ta ce in ara mata, na ce a'a, na kuma gaya mata dalili. Ƙawata kuwa na mayar mata da shi ranar Litinin, na tambaye ta ko tana da na biyun, Dragonfly in Amber, wanda ya fito a 1992. Ta ce yana wurin wata a sashen haihuwa, kuma akwai mutum biyu a gabana.