Sharhi kan akurkin waya mai taya don kajin nama

Duk mai kaji masu ƙwai a bayan gida da ke son ƙara 'yan kajin nama, matsalar da zai fara cin karo da ita ita ce abinci, kuma a nan ne wannan akurki ya fi burge ni. Abincin masu ƙwai yana ɗauke da kalsiyam kusan kashi 4 cikin 100, wanda ke iya lahanta ƙodar tsakon da ke girma, alhali tsakon nama yana buƙatar furotin sama da kashi 20. Ragar wayar tana raba su sarai, kowa da mazubinsa, kuma manyan kaji ba sa samun damar saran ƙanana, waɗanda nauyi ke hana su gudu.

Tunda ba shi da daɓe, ana tura shi zuwa sabon wuri kowace safiya. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin kazar nama tana kai kilo 2 cikin makonni 6, tana yawan kashi, kuma kwanciya a kan danshi yana ƙona mata fatar ƙirji da tafin ƙafa.

Aibinsa shi ne rufin kwano, wanda ke tara zafi da rana har ka ga kajin sun buɗe baki suna haki, don haka dole a ajiye shi a inuwa. Tayoyin ma ƙanana ne, suna nutsewa idan ƙasa ta jiƙe. Duk da haka ina ba da shawarar a saye shi, muddin tsakin sun yi gashi sun daina buƙatar ɗumi.