HEC-RAS ko Delft3D: wacce ta dace da Odaw, wacce ta dace da Ada?

Ƙanwata, kin ce malaminki a Jami'ar Ghana da ke Legon ya ba ki zaɓi tsakanin kogin Odaw na birnin Ankara (Accra) da bakin kogin Volta a Ada, inda yake shiga teku, kuma kin rasa manhajar da za ki koya don hasashen inda yashi zai taru da inda ruwa zai zaizaye. Kafin ki taɓa kwamfuta, ki fara gano abin da ke tura yashin a wurin da kika zaɓa.

HEC-RAS ta injiniyoyin sojan Amurka ce, kyauta ake sauke ta, kuma tana da sauƙin koyo. Don kogi aka gina ta, inda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa kwari. Ki ba ta faɗin kogin da zurfinsa wuri-wuri, da yawan ruwan da ke wucewa, da girman ƙwayoyin yashi, sai ta nuna miki inda ƙasan zai cike. Halin Odaw ke nan. Ruwan sama ya zuba, babbar kwatar Nima da sauran magudanai su kwaso ƙasa su juye masa, ya bi ta mahaɗar Kwame Nkrumah Circle ya faɗa tafkin Korle. Duk ɗan Ankara ya san abin da cikewar wannan hanya ke jawowa, don ba mu manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobarar gidan mai suka ci rayuka sama da 150.

Ada kuwa wani zance ne daban. A can kogi ba shi kaɗai ke da iko ba. Teku na cika tana janyewa sau biyu a rana, igiyar ruwa na jan yashi a gefen gaɓa daga yamma zuwa gabas, ruwan gishiri kuma, da yake ya fi nauyi, yana kutsawa ta ƙarƙashin ruwan daɗi. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, aka ƙara ta Kpong a 1982, mafi yawan yashin da Volta ke kawowa yana maƙalewa a bayan dam. Igiya ba ta daina ɗiba ba, mai zubawa ne ya rage, kuma wannan na cikin dalilan da teku ta ci gidaje a garin Keta da ke gabas da Ada. HEC-RAS za ta karɓi hawa da saukar teku a ƙarshen kogi, amma ba ta lissafin igiya, ba ta kuma raba ruwan daɗi da ke sama da na gishiri da ke ƙasa. Delft3D ta cibiyar Deltares a Holan, wadda aka buɗe wa kowa tun 2011, don irin wannan wuri aka yi ta: tana haɗa gudun ruwa da igiya da gishiri da sauyin ƙasa a lissafi ɗaya. Har tana da hanyar gaggauta sauyin ƙasa, ta yadda lissafin wata ɗaya zai tsaya a madadin shekara.

Sai dai tana da ci. Tana son taswirar zurfin wurin gaba ɗaya, da bayanan igiya, da kwamfuta mai ƙarfi. Ni kaina na taɓa barin tawa tana lissafi kwana biyu, aka ɗauke wuta, na koma farko. Watanni za ki yi kafin hannunki ya faɗa.

Akwai abin da duka biyun ba su sani ba, kuma shi ya fi damuna. Wata rana na ɗebo taɓo daga ƙasan Odaw kusa da Agbogbloshie, na shanya, na zuba a rariya. Abin da ya tsaya a sama ledar ruwan sha ne, da tsumma, da murafan kwalba, duk sun dunƙule da baƙar laka. Ƙa'idojin lissafin da ke cikin manhajojin nan an fitar da su ne daga gwajin yashi da tsakuwa, ba daga shara ba. Dole ki gwada sakamakonki da awon gaske, kamar zurfin da aka auna kafin a yashe kogin da bayan damina ta wuce. In ba haka ba, taswira mai launi kawai za ki miƙa.

Tunda shekara ɗaya gare ki, shawarata ki ɗauki Odaw da HEC-RAS. Kogin na kusa da gida, kina iya zuwa da motar haya ta trotro bayan kowane ruwa ki auna da kanki. In kuma zuciyarki na Ada, ki fara tambayar malaminki ko sashenku na da awon zurfin bakin kogin na shekaru biyu daban-daban. In akwai, ki shiga Delft3D da bismillah, ki kuma ware kwana biyu ki zauna da masuntan wurin, su nuna miki inda tudun yashi yake bara da inda ya koma bana.