Rigar ɓuya a daji: ka saya ko ka haɗa da kanka?

Tun da kaka ta shigo yaran unguwarmu nan Gadarif ta Sudan suka dame ni da tambaya kan rigar nan mai gashi buzu-buzu da suke gani a YouTube, wai suna so su ɗauki hoton tsuntsaye ko su yi kwanton zabi a bakin gona. Turawa na ce mata gili, asalinta masu gadin dajin farauta ne a Sukotland suka fara sa ta. Mu kuwa dama kakanninmu na da burtu, mafarauci ya ɗaura kan tsuntsun nan a goshi ya duƙa yana tafiya har ya kusanci nama, to dabarar duk ɗaya ce, kar dabba ta ga siffar mutum.

Rigar iri uku ce. Ta farko ita ce ta saye, wadda ake odarta ta intanet ko wani ya taho maka da ita daga Jidda. Ba nauyi, zaren roba ne, tana bushewa da wuri. Amma yawanci koriya ce shar don dajin Turai aka yi ta, kai kuma ga ka cikin karan dawa da ciyawar da ta koma ruwan ƙasa tun Nuwamba, sai ka zama kamar bishiyar darbejiya ta tsiro a tsakiyar gona. Kuma abin da ya fi damuna, da yawansu da zanen kakin soja suke zuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuwa duk mai hankali ba ya yawo da abin da ya yi kama da kaki, a shingen bincike ba wanda zai tsaya jin labarin zabi. Wannan ni na cire ta daga lissafi gaba ɗaya.

Ta biyu ita na fi so. Ka sami tsohuwar ragar kamun kifi, ka yanka daidai kafaɗa zuwa gwiwa kamar mayafi, sai buhun garara biyu ko uku, irin na ridi ɗin nan, ka warware zarensa ka yanka tsayin taƙi ɗaya, ka riƙa ƙullawa a idon ragar wani dogo wani gajere, kar ka daidaita. Rini kuwa bagaruwa da ganyen shayi sun isa, wani kason ka bar shi yadda yake. In ka isa wurin ka tsinki ciyawar nan ka soka a jiki. Aibinta zafi, wallahi da hantsi ya yi za ka ji kamar an rufe ka da bargo, ga ƙarangiya, ranar farko da na gwada tawa sai da na yi awa guda zaune ƙarƙashin aduwa ina cire ta ɗaya-ɗaya. Zaren buhu kuma wuta yake ci kamar auduga, mai shan sigari ya yi nesa, kuma ka kakkaɓe ta kafin ka sa saboda kunama.

Akwai ta uku ta malalata irina a da, tsohuwar jallabiya a tsoma a ruwan laka a shanya, da rawani mai duhu a rufe fuska. In zama za ka yi wuri ɗaya bayan kututture ba motsi, tana yi, kuma in ka tashi tafiya gida ba wanda zai kalle ka sau biyu. Ragar kuwa naɗe ta za ka yi ka jefa a buhu sai ka isa gona.