Birkin gaba da na baya a Hilux: wanne za ka iya canjawa a ƙofar gida?

Malam, ka ce a-kori-kurarka Hilux ce, birki ya fara ƙara in ka taka, kana so ka sayo kaya a garin Garwa ka canja da hannunka, kana kuma tambaya ko gaba da baya duk aiki ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na gaba, mai mota zai iya in yana da natsuwa da 'yan kayan aiki. Na baya kuwa, in ba ka taɓa tsayawa kan bakanike yana yi ba, ka bar masa.

A gaba faifai ne, plaket biyu ke matse shi. A baya ganga ce, tambur ke nan, da takalma biyu masu lanƙwasa a ciki waɗanda ke buɗewa su gogi jikinta. Ƙarar da kake ji galibi daga gaba take, don akwai ɗan siririn ƙarfe a jikin plaket da aka sa da gangan ya fara kankarar faifai in ya kusa cinyewa. Sabon plaket kaurinsa wajen milimita 10 ne. In ya sauko zuwa 3, canja shi. Wannan kana cire taya za ka gani da idonka. Takalmin baya kuwa ba ka sanin halinsa sai ka zare gangar.

Aikin gaba a fili yake. Ka sami ƙasa mai tauri, ba rairayi ba, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya, ka sassauta notocin taya kafin ka ɗaga. Kada ka bar motar a kan jak kaɗai, kada kuma ka tokare ta da bulon siminti, farfashewa yake ba sallama. Ka sa mata ƙafar ƙarfe ko kututturen itace mai ƙwari. In taka mai jan ƙafa huɗu ce, mai noti 6 a taya, yawanci gidan plaket ɗin a kafe yake, fistin huɗu gare shi masu tura plaket su matse faifai. Ba sai ka kwance shi ba: ka cire siririyar wayar da ke riƙe ƙusoshi biyun da suka ratsa plaket, ka zare ƙusoshin, ka jawo plaket ɗin. Amma ka yi ɗaya bayan ɗaya. Ka mayar da fistin na gefe guda ciki, ka sa sabon plaket, sannan ka taɓa ɗaya gefen, don in ka zare duka biyun kana dannawa nan, na can sai su leƙo waje. In mai noti 5 ce, gidan yana zamewa ne a kan ƙusoshi biyu. Ka kwance na ƙasa, ka ɗaga shi sama, kada ya rataya da tiyon mai, ka goge ƙusoshin ka shafa musu giris na birki. Ƙurar hunturu da lakar da muke kwasa a mayo, wato rafi, da damina su ke sandarar da su.

Kana danna fistin, man birki yana hawa a ɗan tankinsa. Ka riƙa leƙawa, don in ya zubo yana cin fenti. In za ka ƙara, duba murfin ka ga nau'in man, yawanci DOT 3 aka rubuta.

Ko a gaban ma akwai inda aikin gida ya tsaya. In plaket ɗaya ya cinye ƙarƙaf ɗan'uwansa da sauran kauri, fistin ko ƙusa ya sandare. In faifan ya yi zane mai zurfi, ko feda tana rawa a ƙafarka, sabon plaket ba zai warkar da shi ba. Mafi ƙarancin kaurin faifai a rubuce yake a jikinsa, sai a auna.

To, baya. Tun daga zare ganga ake fara gumi. Dole ka saki birkin hannu, saboda haka tayoyin gaba za ka tokare. Tsatsa kan manne gangar. Akwai ramuka biyu masu zare a fuskarta, ka ɗaura musu notin milimita 8 a hankali su turo ta, amma in cikinta ya cinye har gefen ya yi leɓe mai riƙe takalma, sai an fara sassauta ma'aunin takalman, wato abin saita su, ta wata 'yar kafa a baya, kana lalube ba ka gani. Ka buɗe kuma ka tarar da sifirin iri-iri, da ma'aunin, da hannun birkin hannu, kowanne da wurinsa da fuskar da yake kallo. Wannan duk mai haƙuri zai iya, in ya ɗauki hoto da waya ya bar ɗaya gefen a ɗaure don dubawa. Abin da hoto ba ya koyarwa shi ne saiti. Ya yi tsauri, ganga ta yi zafi takalmi ya ƙone. Ya yi sako-sako, feda ta nutse, birkin hannu bai riƙe ba. Sannan in ka ga danshi a ciki, sai ka bambance man birki ne daga silinda ko man gada, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, ne ya zubo, gyaransu kuma daban-daban.

Kada ka raina na baya don an ce gaba ke yawancin aiki. Haka ne in motar wayam take. In ka loda mata buhunan albasa ko masara, baya ma ɗaukar nauyi yake, shi ya sa tsofaffin Hilux ke da bawul kusa da gadar baya mai ƙara masa ƙarfi gwargwadon lodi. Gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundere zuwa Garwa, ko saukowa daga Rumsiki, ba wurin gwada saitin ɗan koyo ba ne. Ga shi takalmin baya yana daɗewa fiye da plaket, ladan bakaniken da za ka tsira da shi bai taka kara ya karya ba. Plaket kuwa za ka yi ta canjawa muddin motar na hannunka, koyonsa riba ne.

Wajen saye, ka tafi da tsohon plaket ko lambar shasi, don na Vigo da na Revo da ta fito a 2015 ba lallai su hau juna ba. Ka canja hagu da dama rana ɗaya. Ƙurar birki kada ka hura ta da baki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma. In ka gama ka ɗaure taya, kada motar ta motsa sai ka taka feda sau da yawa ta yi tauri, don takun farko har ƙasa za ta tafi babu birki. Daga nan ka nemi hanya marar cunkoso ka yi ta tsayawa a hankali, ba da lodi ba, plaket ya zauna a kan faifai kafin ka yi doguwar tafiya.