Tagwayen waya ko tagwayen amfilifaya: wanne ke gyara sautin lasifika?

Malam, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce ka sayi lasifika biyu na tsaye, da ka juya bayansu sai ka tarar kowacce tana da bakin waya huɗu maimakon biyu, ga wasu 'yan ƙarafa masu ruwan zinare sun haɗe na sama da na ƙasa. Mai shago ya ce ka cire ƙarafan ka ja waya bibbiyu, sauti zai buɗe. Abokinka kuma ya ce a'a, amfilifaya ta biyu za ka ƙaro. Na farkon shi ake kira bai-wayarin, wato tagwayen waya, na biyun bai-amfin, wato tagwayen amfilifaya, kuma kana son sanin wanda ya cancanci kuɗinka.

Mu fara leƙa cikin akwatin. Akwai wufa, babban faifan da ke fitar da bes da kaurin murya, akwai tuwita, ƙaramar da ke fitar da siririn sauti irin na kuge. Tsakaninsu akwai wani ɗan allo mai kafasita da naɗin waya, kurosoba ke nan, wanda ke raba sauti ya ba kowa nasa. A lasifika mai hanya biyu, wato mai wufa da tuwita kawai, rabon yakan faɗo tsakanin hez 2,000 da 3,000 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Bakin waya na sama sashen tuwita yake shiga, na ƙasa kuma sashen wufa. Maganar gaba ɗaya ta rataya ne a kan inda mai rabon nan yake zaune: kafin amfilifaya, ko bayanta.

A tagwayen waya, bai motsa ko'ina ba. Wayoyin biyu daga baki ɗaya na amfilifaya suke fitowa, wato haɗin da 'yan ƙarafan ke yi a bayan lasifika ka ɗauke shi ka mayar bayan amfilifaya, shi ke nan. Masu sha'awarsa suna cewa yanzu lantarkin bes ba ya bin waya ɗaya da na tirebul, wato siririn sauti, kuma ba ƙarya suka yi ba. Amma nawa hakan ke canzawa? Wayar jan ƙarfe mai kaurin 2.5 mm² turjiyar da take yi wa lantarki, wadda ake aunawa da om, wajen om 0.007 ce a kowace mita. In tsawonta mita 3 ne, zuwa da dawowa mita 6, ka sami kusan om 0.04, a gaban lasifika mai om 8. Kashi ɗaya cikin 200 ke nan. Ɗan gyaran da za ka yi a cikin wannan ƙiris ɗin, matsar da kanka taku ɗaya a kan kujera ya fi shi canza abin da kunnenka ke ji. Akwai kamfanoni masu tsada irin su Dynaudio na Denmark da suka daɗe suna fitar da lasifikokinsu da baki biyu kacal, kuma ba don ƙarancin kuɗin sukuri ba ne.

To me ya sa mutanen kirki ke rantsuwa sun ji bambanci? Ban ɗauke su maƙaryata ba. Wata shekara bayan hunturu na ji tuwitar lasifikata ta hagu ta yi sanyi. Da na kwance 'yan ƙarafan, sai ga ƙura ta yi jar laka a ƙarƙashinsu, gefen ɗaya ya dusashe, sukuri ɗaya kuma da yatsa biyu na warware shi don ya riga ya saki. Na goge su tas, na ɗaure gam, sauti ya washe nan take. Da a ce ranar na sa tagwayen waya, da ita zan ba wa yabon har gobe. Duk wanda ya canza waya, ya goge baki ya sake ɗauri ba tare da ya lissafa da shi ba.

Tagwayen amfilifaya kuwa iri biyu ne, kuma a nan ake yawan cakuɗa zance.

Iri na farko shi ne wanda abokinka ke nufi. Ka cire ƙarafan, amfilifaya ɗaya ta kama tuwita, ɗaya ta kama wufa, kurosoba tana nan cikin akwati. Resibobi, wato amfilifayoyin sinimar gida masu jan lasifika da yawa a akwati ɗaya, da yawansu na Denon, Marantz da Yamaha masu tashoshi 7 suna ba ka damar juya tashoshin baya guda biyu su yi wannan aiki. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne, kowace amfilifaya cikakken sauti take karɓa, bes da tirebul duka, ta ɗaga shi zuwa boltej iri ɗaya, sai a cikin akwati ne ake tace wanda ba a so. Saboda haka inda sauti ke fara tsagewa bai ɗaga sosai ba. Wat 100 a sama da wat 100 a ƙasa ba su zama wat 200 ba, domin tuwita ɗan kaɗan take ci, wufa ce mai ci, ita kuma har yanzu 100 ɗinta take gani. Ko da ma an ninka ƙarfin da gaske, disibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti. A resiba kuma duk tashoshin daga taransifoma ɗaya suke sha, rijiya ɗaya guga biyu. Inda ake ɗan samun riba shi ne in amfilifayoyi biyu ne daban, kowacce da wutarta, lasifikar kuma mai wahalar ja ce, irin mai om 4. Nan ma dole ƙarfin ɗagawarsu ya zo daidai, in ba haka ba tirebul ya yi wa bes yawa ko ya gaza, kai kuma ka ɗauka sauti ne ya buɗe. Ka kiyaye wannan: kada ka taɓa haɗa amfilifaya biyu alhali ƙarafan suna ɗaure. Ka haɗe bakunansu ke nan, ɗaya na tura wa ɗaya wuta, kana iya ƙona su.

Iri na biyu shi ne na gaske. Ana raba sautin tun yana ƙarami, kafin ya shiga amfilifaya, da kurosoba mai aiki da lantarki, sannan kowace amfilifaya ta kama faifanta kai tsaye ba komai a tsakani. Tsarin rabon da aka fi amfani da shi yana ɗauke da sunan Siegfried Linkwitz da Russ Riley, injiniyoyin Hewlett-Packard, tun 1976. Ka sha ganin wannan ba tare da ka kira shi da sunansa ba. Masu kayan sauti na biki, waɗanda ke jera manyan akwatunan bes a ƙasa da ƙanana a sama, haka suke yi: na'urar rabo a tsakiya, amfilifayar bes daban, ta sama daban. Lasifikar situdiyo ma haka take. Yamaha HS8 tana da wat 75 na wufa da wat 45 na tuwita a cikin akwati ɗaya. Ribar a fili take. Amfilifayar tuwita ba ta ganin bes ko kaɗan, don haka in ganga ta buga ta cika amfilifayar wufa, murya ba ta tsagewa tare da ita. Wufa tana tsayawa cak inda aka ce ta tsaya. Ana kuma iya daidaita ƙarfin kowane faifai da lokacinsa.

Sai dai ba zan ce ka yi wa lasifikarka haka ba. Sai an buɗe akwati an cire kurosobar kamfani, ita kuma ba rabo kaɗai take yi ba, tana rage kaifin tuwita, tana gyara karkatar wufa, tana kare tuwita daga bes. Ka cire ta babu makirufon awo, sauti ya fi na da muni. Ga tuwita tsirara a bakin amfilifaya: ɗauke wuta ɗaya da dawowarta, in amfilifaya ta yi "dum", tuwita ta tafi.

Da kuɗin a hannuna suke, ga inda zan kai su. Sabwufa, wato akwatin bes zalla, mai amfilifayarta, a saita resiba ta tura mata duk abin da ke ƙasa da hez 80. Wannan shi ne rabo kafin amfilifaya, a sauƙaƙe, ba tare da ka taɓa sukuri ɗaya na akwati ba, kuma lasifikokinka za su huta daga aikin da ya fi gajiyar da su. Sai waya guda mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da alminiyam mai fentin jan ƙarfe, wanda ke ɗaukar wajen kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka. Ka kankare silin da reza a gaban mai shago, in ciki ya fito fari ka ajiye masa. Sannan ka jawo lasifikokin daga jikin bango kamar rabin mita, in ɗakin tayil ne ka shimfiɗa kafet tsakaninka da su.

In kuma kana da ragowar waya a gida, gwada tagwayen ba zai cutar da komai ba, muddin ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi. Amma ka fara goge bakunan duka. Sannan ka zauna ka juya baya, ƙaninka ya riƙa canzawa ko ya bari yadda yake ba tare da ya faɗa maka ba, waƙa ɗaya, kada kowa ya taɓa maɓallin ƙara, sau goma, kana rubuta abin da kake zato. Ka turo mana sau nawa ka dace, tare da sunan lasifikar da resibar, in duba maka ko lasifikar tana cikin masu wahalar ja.